Yadda Ake Hawan Carrauntoohil, Dutse Mafi Tsawo a Ƙasar Ayalan

A gundumar Kerry da ke kudu maso yammacin tsibirin Ayalan akwai jerin duwatsu da ake kira MacGillycuddy's Reeks, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 19 daga gabas zuwa yamma, kuma a cikinsu ne Carrauntoohil yake, dutsen da ya ɗara kowane tsawo a duk faɗin tsibirin. Kololuwarsa tana da nisan mita 1,038.6 daga saman teku. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya kwana a wurin da ya fi wannan kololuwa tudu, domin garin yana kan kimanin mita 1,200, shi ya sa baƙo kan ji adadin ya raina dutsen. Rainin nan shi ne mafarin yawancin wahalar da ake sha a can. Shi Carrauntoohil daga kusa da bakin teku ya taso, mai hawansa sai ya ci kusan mita 900 da ƙafarsa a yini guda, kuma babu wani abin da ya tare tsakaninsa da iskar Tekun Atlantika. Wannan bayani na wanda yake son hawan dutsen ne da idon basira, ya san dalilin da ya sa hanya ta bi nan ta bar can, ya kuma dawo gida lafiya.

Mataki na farko: ka fahimci yadda ƙasar ta samu

Kafin ka sayi takalmi, ka fara sanin irin dutsen da za ka taka. Duwatsun nan na yashi ne da ya daskare, launinsu tsakanin ja-ja, kore-kore da toka-toka, kuma masana sun nuna cewa koguna ne suka jibge yashin fiye da shekaru miliyan 360 da suka wuce, a lokacin da yankin yake kudu da layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, cikin yanayi mai zafi da ƙarancin ruwa. Bayan haka, kimanin shekaru miliyan 300 da suka shuɗe, wani matsi mai ƙarfi ya taso daga kudu ya nannaɗe shimfiɗun dutsen kamar yadda tabarma ke tattarewa idan aka tura ta jikin bango. Wannan ne ya sa tsaunukan yankin suka jeru daga gabas zuwa yamma, ya kuma sa kudu maso yammacin Ayalan ya shiga teku kamar yatsun hannu: Dingle, Iveragh, Beara da sauransu. Carrauntoohil yana kan yatsan Iveragh.

Aikin ƙarshe ƙanƙara ce ta yi shi. A zamanin sanyi mai tsanani, wanda ya kau kimanin shekaru 11,700 da suka wuce, ƙanƙara ta taru a gefunan tsaunukan da rana ba ta cika dukansu ba, wato arewa da gabas, ta yi nauyi har ta riƙa gangarowa a hankali tana ƙwaƙular dutse. Da ta narke sai ta bar manyan ramuka masu kama da akushi, bangonsu a tsaye, gindinsu cike da ruwa. Inda ramuka biyu suka ci dutse ta gefe da gefe, sai aka bar siririn doro a tsakani mai kaifi kamar wuƙa.

Amfanin wannan ilimi ga mai hawa a fili yake. Gefen arewa da na gabas na Carrauntoohil bango ne na dutse mai zurfin ɗaruruwan mitoci, gefen kudu maso gabas kuwa gangara ce mai sauƙi. Dutsen yashi idan ya bushe yana riƙe takalmi da kyau, amma idan ya jiƙe, ko gansakuka ta rufe shi, sai ya koma kamar sabulu. Sanyin dubban shekaru kuma ya farfasa shi, don haka duk wani kwazazzabo da ke jikin dutsen cike yake da tsakuwa da ɓaraguzai masu motsi a ƙarƙashin ƙafa.

Mataki na biyu: ka nemi taswira, ka koyi sunayen wuraren

Taswirar da aka fi amfani da ita ita ce ta hukumar safiyo ta ƙasar, cikin jerin da ake kira Discovery, takarda mai lamba 78, wadda santimita biyu a kanta ke daidai da kilomita ɗaya a ƙasa. Kamfanin Harvey ma yana da taswirar waɗannan duwatsu kaɗai, wadda ta fi fito da ƙananan abubuwa kuma ruwa ba ya ɓata ta. Ka shimfiɗa taswirar tun kana gida, ka bi layukan da ke nuna tudu da yatsa. Inda layukan suka yi nesa da juna, ƙasa ce mai sauƙin tafiya; inda suka matsu har suka zama kamar an zuba tawada, nan ne bango.

Sunayen wuraren da harshen Gelik suke, wato harshen asali na mutanen ƙasar, kuma kowannensu yana ɗauke da bayani. Asalin sunan dutsen shi ne Corrán Tuathail, wanda aka fi fassarawa da Laujen Tuathal (Tuathal sunan mutum ne), saboda lanƙwasar doronsa da ta yi kama da lauje. A arewa da shi akwai Beenkeragh, wato Kololuwar Tumaki, wanda shi ne na biyu a tsawo a ƙasar, a yammacinsa kuma akwai Caher, na uku. Waɗannan ukun kaɗai ne suka kai mita 1,000 a duk tsibirin. A kudu maso gabas akwai Cnoc na Toinne mai tsawon mita 845, wanda za ka ji amfaninsa wajen saukowa. Babban kwarin da ke arewa maso gabas, wanda ta nan yawancin mutane ke shiga, shi ne Com Caillí, wato Kwarin Tsohuwa, a kan alluna kuma za ka ga an rubuta Hag's Glen. Tsohuwar da ake nufi wata ce da ta shahara a tatsuniyoyin mutanen ƙasar. A cikin kwarin akwai tafkuna biyu, Lough Callee da Lough Gouragh, na biyun kuwa daga kalmar akuya sunansa ya fito.

Ka haddace waɗannan sunaye kamar yadda aka rubuta su, domin idan wata matsala ta taso, da su za ka gaya wa masu ceto inda kake.

Mataki na uku: ka zaɓi wata, ka zaɓi rana

Iskar da ta fi kaɗawa a Ayalan daga kudu maso yamma take zuwa, bayan ta ratso teku ta ƙoshi da laima, kuma duwatsun Kerry su ne abin da take fara cin karo da shi. Idan ta hau dutse sai ta yi sanyi ta zubar da ruwanta. Tashar auna yanayi ta Valentia, wadda ke bakin teku a wannan yanki, tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kan duwatsun kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Babu rani a can irin wanda muka sani, kowane wata ana iya yin ruwa, kuma kololuwar takan wuni a cikin gajimare ko da gari ya waye tas a Killarney, babban garin da ke kusa da dutsen.

Lokacin da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne daga Mayu zuwa Satumba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Kerry sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma ta faɗi, bayan ba ta fito ba sai kusan ƙarfe 9 na safe. Ke nan a lokacin hunturu hasken da kake da shi bai wuce sa'o'i takwas ba, ga dusar ƙanƙara da kan rufe hanya, kuma hawa a irin wannan hali aiki ne na ƙwararru masu kayan aiki na musamman. A ganina babu wani dalilin da zai sa wanda bai saba ba ya gwada shi a lokacin.

Da daren jajibiri, da kuma safiyar ranar, ka duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasar, Met Éireann. Abu uku za ka nema: ƙarfin iska, yawan ruwa, da yadda gajimare zai sauko. Ka riƙe cewa zafi yana raguwa da kimanin digiri shida zuwa bakwai a duk mita 1,000 da aka hau, saboda haka idan ana digiri 14 a gari, a sama abin bai wuce bakwai ko takwas ba, kuma iska a jikin rigar da ta jiƙe za ta mai da shi kamar sifili. Idan hukumar ta fitar da gargaɗin iska ko na ruwa a kan Kerry, ka ɗage tafiyar. Ka ware kwana biyu ko uku a yankin domin ka sami damar zaɓen wadda ta fi kyau.

Mataki na huɗu: kaya

Takalmi shi ne kan gaba, kuma wanda ake bukata shi ne mai rufe idon sawu, mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi, wanda ruwa ba ya shiga. Kada ka sa sabo fil a ranar, ka yi ta yawo da shi tukuna har ya saba da ƙafarka. Tufafi kuwa a jera su hawa-hawa: ta ciki wadda ba ta riƙe gumi, ta tsakiya mai ɗumi, sai rigar ruwa da wandon ruwa a waje. Ka guji auduga da wandon jins, domin idan suka jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Hular sanyi da safar hannu su shiga jaka ko da a watan Yuli ne.

A cikin jakar a sami taswira, kamfas, tocila mai sabon batir, usur, ƙananan kayan ɗaurin rauni, ruwan sha kamar lita biyu, da abinci fiye da wanda kake jin za ka ci. Dabino da gyaɗa suna da kyau ƙwarai a irin wannan tafiya, domin ba su da nauyi kuma suna ba da ƙarfi da wuri. Waya tana da amfani, amma sanyi yana shanye batirinta, kuma akwai lunguna a kwarin da babu sabis, don haka kada ta zama ita kaɗai ce jagorarka. Kamfas kuwa sai wanda ya iya shi yake yi wa amfani. Idan ba ka iya ba, ka ɗauki ɗan jagora daga cikin waɗanda ke wannan sana'a a Killarney da kewaye, kuɗin da za ka biya bai kai darajar abin da za ka koya ba.

Kafin ka fita, ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa.

Mataki na biyar: isa gindin dutsen, da haƙƙin masu ƙasa

Ayalan ba ta cikin yankin Schengen, saboda haka bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da mutum, sai an nemi tata daban. Daga Dublin akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga tashar Heuston zuwa Killarney, tafiyar sa'o'i uku da 'yan kai, sau da yawa tare da canjin jirgi a Mallow. Akwai kuma filin jirgin sama na Kerry a Farranfore. Daga Killarney za ka yi yamma ta wajen ƙauyen Beaufort, ka bi ƙananan hanyoyin karkara zuwa wata farfajiyar gona da ake kira Cronin's Yard, tafiyar kamar rabin sa'a a mota. A nan akwai wurin ajiye mota da ake biyan ɗan kuɗi, da wurin shan shayi da makewayi. Akwai wani wurin ajiye motar a Lisleibane, kuma hanyoyin biyu suna haɗuwa a cikin kwarin.

Akwai abin da baƙi da yawa ba su sani ba, kuma ya kamata a faɗe shi da babbar murya. Carrauntoohil ba ya cikin Gandun Ƙasa na Killarney, wanda aka kafa a 1932 kuma yake gabas da nan. Ƙasar dutsen mallakar manoma ce, wani ɓangaren na mutum ɗaya, wani kuma makiyaya ce da iyalai suka yi tarayya a kai, kuma dokar Ayalan ba ta ba kowa 'yancin ratsa gonar wani ba. Da yardar masu ƙasa ake hawa. A 2014 aka kafa wani zaure da ya haɗa manoman da hukumomi da masu yawon dutse domin gyaran hanyoyi da kare wurin. Tumakin da za ka gani da fenti ja ko shuɗi a gadon baya, kowace alama ta mai ita ce, kuma saboda su ne aka hana zuwa da kare. Duk ƙofar shinge da ka tarar a rufe ka mayar da ita yadda take, kada ka tare hanyar tarakta da motarka, kuma duk abin da ka shigo da shi, har ɓawon ayaba, ka fita da shi.

Mataki na shida: ratsa Kwarin Tsohuwa

Ka tashi da wuri, wajen ƙarfe 8 ko 9 na safe. Tafiyar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, kimanin kilomita 12 ce, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan yi ta cikin sa'o'i biyar zuwa bakwai. Daga farfajiyar hanya ce bayyananniya mai tsakuwa da ta nufi kudu maso yamma, kusa da Kogin Gaddagh, wanda ke kwashe ruwan tafkunan kwarin ya kai Kogin Laune, shi kuma ya zuba a teku bayan ya wuce garin Killorglin. An sa gadojin ƙarfe a manyan mashigai, amma a ciki can akwai inda za ka tsallaka ta kan duwatsu. Ka lura da yawan ruwan tun da safe, domin rafukan nan suna cika cikin ɗan lokaci idan aka yi ruwa a sama, kamar yadda korama ke yi a damina, kuma mashigin da ka taka da safe ba tare da jiƙa safa ba yana iya zama abin tsoro da yamma. An taɓa rasa rai a wannan kogi.

Yayin da kake shiga, ka ɗaga kai ka karanta ƙasar. A hannun dama za ka ga wani tsinin dutse da ya fito shi kaɗai kamar haƙori, wanda ake kira Haƙorin Tsohuwa. A bayansa akwai ramukan da ƙanƙara ta sassaƙa hawa-hawa, kuma a na can sama ne tafkin Cummeenoughter yake, a kan mita 707, wanda ake ɗauka a matsayin tafki mafi tudu a Ayalan. A hannun hagu kuwa jerin tsaunukan gabas ne, har da Cnoc na Péiste mai mita 988, inda wani jirgin saman sojan Amurka ya faɗi a Disambar 1943, mutanen cikinsa biyar suka rasu. Tulin tsakuwa da ƙasa da za ka gani sun yi tudu-tudu a bakin tafkunan, kayan da ƙanƙara ta turo ne ta ajiye.

Ƙasar gefen hanya baƙar laka ce ta ruɓaɓɓen tsiro, mai tsotse ruwa kamar soso, kuma wurin da ya fi kore shar shi ne ya fi nutsa ƙafa. Babu maciji a Ayalan, babu kuma wata dabbar daji da za ta far maka. Hanyar za ta bi da kai tsakanin tafkunan biyu, Callee a hagu, Gouragh a dama, sannan ta fara hawa zuwa ƙarshen kwarin. Nan ne wurin da ya dace ka tsaya ka ci wani abu, ka dubi sama, ka yanke shawara da gaskiya ko za ka ci gaba ko za ka juya.

Mataki na bakwai: Tsanin Shaiɗan

A ƙarshen kwarin akwai wani kwazazzabo da ya miƙe tsaye zuwa lotsawar da ke tsakanin Carrauntoohil da Cnoc na Toinne. Sunansa a taswira Devil's Ladder, wato Tsanin Shaiɗan. Babu tsani a wurin, zubin duwatsu ne manya da ƙanana, da ruwa yana bi ta ƙarƙashinsu, kuma ƙafafun dubban mutane sun ƙara zaizaye shi. Ba ya bukatar igiya, amma a wurare da dama sai ka haɗa da hannu.

Babban haɗarin wurin shi ne dutsen da wani ya ture daga sama. Saboda haka, ko dai ku matsu kusa da juna ta yadda dutse ba zai sami gudu ba kafin ya iso na baya, ko kuma ku ba da tazara mai yawa. Kada ka tsaya hutawa daidai ƙarƙashin wata tawaga. Ka gwada kowane dutse kafin ka ɗora masa nauyinka, ka riƙa yin gajerun taku, kuma idan ka ture wani abu ka yi ihu nan take domin na ƙasa su kauce. Kusa da ƙarshe kwazazzabon yana matsewa, yana ƙara tsayuwa, ƙasarsa ta koma jar laka mai santsi, kuma a nan ne ya kamata ka fi nutsuwa. Idan ka fito za ka sami kanka a wani fili mai ciyawa da laka a kan mita 730 da 'yan kai, inda iska za ta tarbe ka da ƙarfin da ba ka ji ba a cikin kwarin. Ka sa rigar sama tun kafin sanyi ya kama ka. Ka kuma juya ka dubi bakin kwazazzabon da kyau, ka gane kamanninsa, domin daga sama ba ya fitowa sosai idan hazo ya rufe.

Mataki na takwas: kololuwa

Daga lotsawar za ka juya dama, ka nufi arewa maso yamma, ka hau wata faffaɗar gangara mai tsakuwa, hawan kimanin mita 300 da kan ci minti arba'in zuwa sa'a guda. Tulin duwatsu da mutane suka jera suna nuna hanya, sai dai sun yi yawa har wasu na ɓatar da mutum. A saman akwai gicciyen ƙarfe mai tsawon mita biyar, wanda mutanen yankin suka kafa a 1976 a madadin na katako da ya gabace shi. A Nuwambar 2014 wasu suka yanke shi, amma cikin 'yan kwanaki jama'a suka sake tayar da shi. Kusa da shi akwai ɗan zagayen duwatsu da ake fakewa daga iska.

Idan ka yi sa'ar sararin sama, nan ne duk abin da ka karanta a taswira zai tashi tsaye a gabanka. A arewa maso yamma za ka hango Mashigin Dingle da Dutsen Brandon a bayansa. A gabas akwai tafkunan Killarney, kwance a ƙasa mai laushi ta farar ƙasa wadda ruwa ya fi saurin ci, shi ya sa ta yi kwari. A kudu akwai kwaruruka masu zurfi da ke kaiwa ga Black Valley, ɗaya daga wuraren ƙarshe da wutar lantarki ta isa a ƙasar, a cikin shekarun 1970, can gaba kuma Mashigin Kenmare da duwatsun Beara. A yamma, ƙarƙashin ƙafarka, ramin Coomloughra ne da tafkunansa, Caher da Beenkeragh sun kewaye shi kamar kofaton doki.

Idan kuwa hazo ka tarar, wanda shi ne ya fi yawa, to kada ka yi yawo. Taku kaɗan daga gicciyen ta arewa da gabas ƙasa ta ƙare, kuma babu wata hanyar sauka ta can, ko da ka ga alamar sawu. Sawun na masu hawa da igiya ne da suka fito ta bangon. Ka fito da kamfas, ka tabbatar ka fuskanci kudu maso gabas, hanyar da ka zo, kafin ka ɗaga ƙafa.

Mataki na tara: saukowa

Yawancin raunuka a saukowa ake samunsu, lokacin da gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida. Tsanin Shaiɗan ya fi wuya a sauka fiye da a hawa, don haka ina ba da shawarar a bi wata tsohuwar hanya mai suna Bóthar na Gíge, wadda aka fi sani da Zig-Zags saboda yadda take karkacewa hagu da dama. Idan ka dawo lotsawar, ka wuce bakin kwazazzabon, ka hau Cnoc na Toinne, ƙarin hawan mita ɗari da 'yan kai, ka bi shimfiɗaɗɗen doronsa zuwa gabas har ka ga tulin duwatsun da ke nuna inda hanyar ta gangara hagu. Tana da siranta, kuma gefenta yana da zurfi, amma ƙasarta ta fi tsayawa wuri ɗaya, kuma za ta sauke ka a cikin kwarin kusa da gindin Tsanin. Ƙarin lokacin da za ta ci bai kai sa'a guda ba. Sharaɗinta shi ne ka gane bakinta daidai, domin duk wata gangara da ke kusa da ita tana ƙarewa ne a kan bango, saboda haka idan hazo ya hana ka tabbatarwa, gara ka koma Tsanin ka sauka a hankali.

Akwai wasu hanyoyin da za ka ji ana ambata. O'Shea's Gully tana bi ta gefen tafkin Cummeenoughter, ta fi kyan gani, amma akwai wuraren da sai an dafa dutse an haura. Heavenly Gates siririya ce da ta ratsa bangon gabas, kuma ba ta dace da wanda bai san ta ba. Zagayen Coomloughra, wanda ke haɗa manyan kololuwa ukun a yini guda daga yamma, yana bi ta kan doron Beenkeragh mai kaifi, kuma iska mai ƙarfi tana mai da shi wurin halaka. Ka bar waɗannan sai zuwa na biyu ko na uku, tare da wanda ya san su.

Idan wani ya ji rauni ko kuka ɓace, ku tsaya wuri ɗaya, ku sa duk tufafin da kuke da su, ku zauna a kan jaka maimakon ƙasa mai sanyi, sannan ku kira 112 ko 999 ku nemi masu ceton kan dutse. Ƙungiyar ceto ta Kerry, wadda aka kafa a 1966, ta 'yan sa-kai ce da ke barin aikinsu da iyalansu su fito, kuma isowarsu na iya ɗaukar sa'o'i, shi ya sa ƙarin riga da abinci suke da muhimmanci. Idan babu sabis, alamar neman taimako ita ce busa usur sau shida, ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Ka riƙa lura da abokan tafiyarka: wanda ya fara rawar ɗari, yana tuntuɓe, maganarsa tana sarƙewa, sanyi ne ya fara shiga jikinsa, kuma yana bukatar ɗumi da abu mai zaƙi nan da nan.

Da ka iso farfajiyar, ka fara kiran wanda ka bar wa saƙo domin kada ya tayar da masu ceto a banza. Da dare kuma, kafin ka kwanta, ka duba ƙafafu, bayan gwiwa, ƙugu da hammata ko kaska ta maƙale, domin akwai ta a ciyayin Kerry kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. Idan ka same ta, ka kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, ka wanke wurin, kuma idan jan zobe ya fito a kewayensa ko zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, ka je wurin likita ka gaya masa inda ka je.